NAZARI: Lafiya jari ce, amma wa ke da abin zubawa a Kaduna?

Duk wanda ya bi ta Dandalin Murtala da sanyin safiyar Asabar zai tarar da taron da babu ɗan siyasar da ya kira shi. Samari na sassarfa, magidanta masu tumbi na tattaki biyu-biyu suna hira, wasu na buga ƙwallo, wasu na miƙe gaɓoɓi bisa umarnin mai horarwa. Filin da a zamanin Turawa aka keɓe domin sukuwar dawaki, wanda ya karɓi gagarumin hawan daba na bikin FESTAC a 1977, ya zama wurin da mutanen Unguwar Rimi, Malali, Unguwar Sarki da Kawo ke zuwa zubar da gumi, musamman tun bayan gyaran da gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta yi masa aka buɗe a farkon 2022.

Tare da wannan sabon yayi, wata magana ta shiga bakin matasa. A shafukan Facebook da TikTok, da allunan gidajen motsa jiki da ke ƙaruwa a titunan arewacin birnin, saƙon ɗaya ne: kuɗin da mutum ya kashe wa jikinsa jari ne, zai ci ribarsa nan gaba. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa ya ce lafiya uwar jiki, ya kuma ce rigakafi ya fi magani. Abin da ya sauya shi ne an mayar da karin maganar talla, an liƙa mata farashi.

Maganar gaskiya ce. Sai dai duk mai shirin zuba jari yakan tambayi abu uku kafin ya kwance bakin jakarsa: a ina zan zuba, yaushe riba za ta zo, wa kuma zai tsare mini dukiyar? Amsoshin waɗannan tambayoyi a Kaduna ta yau sun fi kusa da siyasa fiye da yadda masu tallar ke so a gane.

Lissafin da ba ya ƙarya

Kallon lafiya a matsayin jari tsohon ra'ayi ne a ilimin tattalin arziki. A 1972 wani masanin Amurka mai suna Michael Grossman ya bayyana cewa kowane mutum ana haifarsa da wani adadi na lafiya, kamar uwar kuɗi, wadda ke zaizayewa yayin da shekaru ke ja. Mutum na iya rage zaizayar ta hanyar abinci, motsa jiki, barci da zuwa asibiti a kan kari. Ribar kuwa kwanaki ce: ranakun da mutum ya tashi garau ya fita nema, maimakon ya kwanta ana jinyarsa. Ga ɗan kasuwar da ke Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wanda in bai buɗe shago ba babu mai biyansa albashi, wannan riba ba ta buƙatar dogon bayani.

Hujjar likitanci ma ta girmi yawancin masu zuwa dandalin. A 1953 likita Jerry Morris ya wallafa binciken da ya yi kan dubban ma'aikatan motocin safa masu hawa biyu na birnin Landan. Direbobi na wuni a zaune, kwandastoci na wuni suna hawa da sauka a matakala. Albashinsu kusan ɗaya, unguwanninsu iri ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin, ya kuma fi saurin kashe su. Wanda ya san direban Keke Napep da ke zaune daga asuba zuwa dare tsakanin Kawo da Kasuwa, ko ma'aikacin da ke fita daga mota ya shiga ofis ya koma mota, ya san wa binciken ke magana a kai.

A 2002 wani babban gwaji a Amurka ya ɗauki mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka sa su rage ƙiba kaɗan, su kuma yi tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka bai wa ƙwayar magani, nasu ya ragu da kashi 31. Minti 150 ɗin nan shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke shawartar baligi ya yi a kowane mako, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ta sa numfashi ya ɗaga.

Ɗaya gefen lissafin shi ne kuɗin sakaci. Bincike daban-daban sun nuna kusan mutum ɗaya cikin baligai uku a Najeriya na da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba, domin ciwo ne da ba ya sallama. Yakan shekara goma yana cin jijiyoyi a ɓoye, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta. Mai ciwon ƙoda da ya kai matakin ƙarshe yana buƙatar wanki sau biyu zuwa uku a mako. A ɗauki sau biyu kawai. Bisa tsohon farashi, naira 400,000 ke nan a wata, sama da albashin wata biyar na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashin Jihar Kaduna na naira 72,000. Ko a sabon farashin mai rangwame, ga wanda ya yi sa'ar samunsa, naira 96,000 ne, har yanzu ya zarce albashin. Ba a sa kuɗin gwaje-gwaje, allurar ƙarin jini da na mota ba.

Awon hawan jini kuwa bai kai minti biyar ba, kuma a kemis da yawa kuɗinsa bai fi na katin waya ba.

Abin da ake sayarwa da sunan jari

A nan ne ya kamata matashi ya buɗe ido. Abubuwan da suka fi riba a wannan jari su ne mafi araha: tafiya a ƙasa, rage gishiri, barin taba da shisha, rage lemon kwalba, isasshen barci, awon jini da na suga lokaci-lokaci, da shan magani kullum ga wanda aka tabbatar yana da ciwo. Babu mai samun kamasho idan mutum ya taka daga Unguwar Dosa zuwa Kawo, don haka babu mai tallar su. Abin da ake tallatawa shi ne abin da ke da riba ga mai sayarwa.

Gidan motsa jiki abu ne mai amfani ga wanda zai iya biya ya kuma dage. Ɗaga ƙarfe na ƙarfafa tsoka da ƙashi, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a riƙa atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla sau biyu a mako. Matsalar ita ce yadda ake nuna shi kamar shi ne ƙofar lafiya, har wanda ba shi da kuɗin wata ya ɗauka an bar shi a baya. A ko'ina cikin duniya wannan sana'a na cin riba daga mutanen da suka biya kuɗi da zumuɗi, suka zo sau uku, suka ɗauke ƙafa. Mai irin wannan hali ya yi sadaka ne ga mai gidan, ko da ya kira ta jari.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne kasuwar kwalabe da ƙulle-ƙulle. Akwai shayin rage tumbi, garin gina tsoka da babu wanda ya san abin da ke cikinsa, magungunan wanke ciki da ake rantsuwa suna warkar da cuta goma sha biyu. A ɗaya ɓangaren akwai ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu 'yan mata ke sha kafin aure, kuma da yawansu magungunan asibiti ne masu ƙarfi da ke iya haifar da hawan jini da ciwon suga idan aka sha su barkatai. Ga motocin masu maganin gargajiya da lasifika a bakin kasuwanni. Ga ƙwayoyin kashe ciwon jiki da leburori da 'yan acaɓa ke haɗiya kullum, waɗanda likitoci suka daɗe suna gargaɗin cewa yawan shansu na lalata ƙoda. Hukumar NAFDAC kan yi kame, ta fitar da gargaɗi, kasuwar ta ci gaba da ci. Duk mai sayen waɗannan kaya yana ganin lafiyarsa yake kashe wa kuɗi. Wani ma kan ƙare a layin wankin ƙoda da kuɗin da ya biya da hannunsa.

Abin dariya, in ana iya kiransa haka, shi ne abincin da masana ke yabo a yau shi ne wanda ɗan birni ya raina a jiya: gero, dawa, wake, acca, kwaɗon zogale, rama, miyar kuka da daddawa. An musanya su da farar shinkafa, Indomie da ƙwai a teburin mai shayi, da miyar da aka dulmuya wa dunƙulen magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi ke ci a rana ya kai giram 5, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke ɓoye cikin magi da burodi. Tukunyar gida nawa ce a Badarawa ko Tudun Wada za ta tsallake wannan awo?

Wa ke da rarar da zai zuba?

Jari da rara ake yin sa. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, da sakin naira da ya biyo baya, rara ta ƙaura daga gidaje da yawa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai-tsaye a Najeriya a watan Agustan 2023, Sanofi ya bi sahu kafin ƙarshen shekarar, farashin wasu magunguna, ciki har da abin shaƙa na masu asma, ya ninka ninkin ba ninki. Mai hawan jinin da ke shan magani kullum ya koma sha kwana biyu ya tsallake ɗaya, ko ya bari sai ya ji kansa na sarawa, wanda a likitance kusan daidai yake da rashin sha.

Mutumin da ke lissafin abincin dare ba shi da sararin lissafin shekara ashirin masu zuwa, kuma wannan ba wauta ba ce. Ribar motsa jiki da rage gishiri takan zo ne a makare, kuma ba ta da siffar da ido zai gani: ciwon da bai zo ba ne, gadon asibitin da ba a hau ba. Yunwa kuwa yau take.

Akwai kuma wani kuskuren fahimta da ke kashe wa matasa gwiwa. Sukan ji cewa matsakaicin tsawon rayuwa a Najeriya bai wuce shekara 54 ko 55 ba, su ce to wahalar ta mece ce? Wannan adadi yawan mace-macen jarirai da ƙananan yara ne ke jan sa ƙasa. Wanda ya tsallake ƙuruciya ya kai talatin, a lissafin masana yawan jama'a, yana iya sa ran ya haura sittin. Tsawon kwana na Allah ne, wannan babu musu. Abin da ke hannun mutum shi ne yadda zai yi shekarun ƙarshen: a kan ƙafafunsa, ko a kan tabarma ana juya shi.

Jarin gida ne, ba na mutum ɗaya ba

Tallar da aka kwafo daga ƙasashen waje tana magana ne da mutum shi kaɗai: jikinka, kuɗinka, makomarka. A ƙasar Hausa ciwo ba ya kama mutum ɗaya. Idan ɓarin jikin maigida ya shanye, ɗansa da ke aikin banki ne zai fasa asusu, 'yarsa ce za ta bar makaranta ta zauna jinya, filin da aka saya a Rigasa ko Mando ne za a kai wa dillali. Idan abin ya ci tura, sai a ɗauki hoton mara lafiya da lambar asusu a sa a Facebook. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai-tsaye, a lokacin da ciwo ya riga ya kama, wanda ya sa ƙasar cikin mafiya muni a duniya ta wannan fanni.

Ma'anar wannan ga matashi mai shekara 28 da ya fara tara 'yan kuɗi ita ce, abin da ya fi barazana ga ajiyarsa a shekara goma masu zuwa shi ne jijiyoyin mahaifinsa da sugan mahaifiyarsa, kafin nasa jikin. Na'urar awon hawan jini guda ɗaya a gida, wadda kowa zai yi amfani da ita, da ɗaukar nauyin maganin wata-wata na tsofaffin gidan, sun fi kare dukiyarsa fiye da takalmin gudu mai tsada. Ba kasafai ake jin wannan a bakin masu koyar da "zuba jari a kanka" ba, wataƙila domin ba ya kyau a hoto.

Kayan aikin da aka ƙirƙira domin irin wannan haɗari shi ne inshorar lafiya. Jihar Kaduna ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, da dokar 2018, domin ma'aikatan gwamnati da kuma masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa da za su biya kuɗin shekara. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. A takarda ke nan. A zahiri waɗanda ke cikin tsarin a faɗin ƙasar kimanin miliyan 20 ne, ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na jama'a, kuma burin gwamnati shi ne a kai miliyan 44 nan da 2030.

Dalilan ƙin shiga sanannu ne. Wasu na ɗari-ɗari da kalmar inshora saboda shakkun addini, shi ya sa hukumomin jihohin Arewa suka gwammace su ce taimakekeniya, wadda ta fi kusa da adashen da kowa ya sani. Sai dai adashe kowa na kwasa, a nan kuwa wanda bai yi ciwo ba ba ya kwasar komai, kuma shawo kan mutum ya yi murna da hakan aiki ne. Babban dalilin shi ne rashin yarda. Ƙorafin da masu katin inshora ke yi a sassan ƙasar nan iri ɗaya ne: a je asibiti a ce maganin ya ƙare, a rubuta takarda a ce a saya a waje, ko a ga mai biyan kuɗi hannu ya riga mai kati ganin likita. Ga kuma iyakar abin da tsarin ke ɗauka, domin manyan cututtuka masu cin dukiya ba kasafai ake biyan su gaba ɗaya ba. Duk da haka, ga mai hawan jini ko ciwon suga da ke buƙatar ganin likita da magani kowane wata, lissafin yakan fi karkata ga shiga. Wanda ya shiga kuma ya sami haƙƙin yin ƙorafi, abin da mai biya daga aljihu ba shi da shi.

Birnin da aka gina wa mota

Ko tafiya a ƙasa, wadda ake cewa kyauta ce, tana da sharuɗɗa. Tana buƙatar gefen titi da mutum zai taka, fitila idan duhu ya yi, da natsuwar cewa ba za a tare shi a ƙwace masa waya ba.

Kaduna birni ne da aka zana tun daga tushe. Lokacin da Lugga ya mayar da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, an ware wa Turawa unguwa mai faɗin tituna da inuwar itatuwa, da filin sukuwa, filin folo da na golf. Ma'aikata da leburori aka tura su unguwannin da ba a yi musu irin wannan tanadi ba. Shekara ɗari da ɗoriya bayan haka, taswirar motsa jiki a arewacin Kaduna ba ta yi nisa da waccan ba. Mazaunin tsohuwar unguwar Turawa yana fitowa ƙofar gida ya sami titin da zai yi tattaki. Mazaunin Hayin Banki ko Unguwar Shanu sai ya yi rabon hanya da babura da kwata, ko ya biya kuɗin mota zuwa Dandalin Murtala domin ya je ya yi tafiya a ƙasa.

Shirin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya sake gina gadar Kawo, ya kuma sa wa wasu hanyoyin dakalin masu tafiya a ƙasa da fitilu. Wannan ci gaba ne da ba a musunsa. Amma ma'aunin nasarar shirin shi ne saurin wucewar mota, kuma a wurare da dama dakalin ya zama wurin ajiye motoci da baza kaya. Filayen ƙwallon unguwa, irin waɗanda suka fitar da Daniel Amokachi, Garba Lawal, Tijjani Babangida da Celestine Babayaro, kullum ƙara matsewa suke yi saboda gine-gine. Birnin da ya karɓi wasannin cin kofin duniya na matasa a 1999 da 2009 a filin wasa na Ahmadu Bello ya fi ƙwarewa wajen tanadar wa 'yan kallo kujera fiye da tanadar wa yaro fili.

Mata ne suka fi cutuwa. Matar aure a Kawo ko Unguwar Kanawa da likita ya ce ta riƙa tafiyar rabin awa kullum, ina za ta yi ta? Idan ta fita titi da sassafe, ga idon unguwa, ga fargabar 'yan shara. Gidajen motsa jiki masu keɓe wa mata lokaci ko sashe suna nan, amma na masu hali ne. Alhali binciken lafiya na ƙasa ya sha nuna cewa ƙiba ta fi yawa a tsakanin matan birni fiye da na karkara. Buɗe harabar makarantun 'yan mata na gwamnati da yamma ko a ƙarshen mako, da mai gadi a ƙofa, ba zai ci kuɗin gina gada ba.

Wasu biranen sun gwada. Bogota ta ƙasar Kolombiya tana rufe manyan tituna ga motoci kowace Lahadi tun shekarun 1970, Kigali ta Ruwanda ta fara irin nata a 2016, inda a wurin ake auna wa mutane hawan jini da suga kyauta. Kaduna ta shirya gudun fanfalaki a watan Nuwamban 2020, aka zo daga ƙasashen waje, aka raba kyaututtuka. Biki ne mai kyau na yini ɗaya, jijiyar jini kuwa abin da ake yi kowane mako ta sani.

Inda maganar ta koma siyasa

Akwai hatsari a cikin taken "lafiyarka jarinka" idan ya faɗa bakin masu mulki, domin yana sauke musu nauyi. Idan lafiya jarin mutum ce shi kaɗai, to wanda ya kwanta shi ya yi sakaci. Ɗan Najeriya kuwa ya ga yadda shugabanninsa ke kula da nasu jarin: Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi watanni a asibitin Saudiyya daga ƙarshen 2009, Buhari ya yi fiye da kwana ɗari a jere a Landan a 2017. Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate da kansa ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Matashin da ya yi duk abin da aka ce, ya auna jini ya ga ya hau, dole ya tarar da ma'aikacin lafiya da magani a inda ya je, in ba haka ba awon bai amfane shi da komai ba sai ƙarin damuwa.

A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ta shafe shekaru tana yawo a wajajen kashi 5. Kaduna na cikin jihohi ƙalilan da ke kai kashi 15 a kasafinsu, tun zamanin El-Rufa'i har zuwa na Uba Sani, kuma ta ɗauki tsarin cibiyar lafiya matakin farko guda a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255. A 2025 an buɗe asibitin ƙwararru mai gado 300 a Millennium City, aikin da aka faro tun zamanin Namadi Sambo. Jihar na buƙatarsa, domin Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ya daɗe yana ɗaukar fiye da ƙarfinsa. Amma babban asibiti wurin karɓar wanda jarinsa ya riga ya karye ne. Wurin tsare jarin shi ne ƙaramar cibiyar unguwa, wadda aka saba kallonta a matsayin wurin awon ciki da rigakafin yara, ba wurin da magidanci mai shekara 45 zai je a duba masa jini a ba shi maganin wata ba. Ɗan siyasa ya fi son abin da za a yanke wa ƙyalle, kuma ba a yanke ƙyalle a kan shanyewar jikin da ba ta faru ba.

Ko harajin da aka ce an sa domin lafiya bai tsira ba. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba mai suga. Hauhawar farashi ta cinye darajar naira goman tun tuni, ba ta kai ta sa kowa ya fasa saye ba, kuma dokar ba ta keɓe kuɗin ga kiwon lafiya ba, sun bi sauran kuɗin shiga. Ƙungiyoyin farar hula na neman a ɗaga harajin a kuma keɓe shi, kamfanonin lemo na cewa za a rasa ayyukan yi.

Ga matasan da ke shirin zaɓen 2027, Kaduna na da wata dama da jihohi da yawa ba su da ita. Jihar ta shiga ƙawancen gwamnatoci masu gudanar da mulki a buɗe tun 2018, kuma tana wallafa rahoton aiwatar da kasafin kuɗi duk bayan wata uku. A cikin wannan rahoto akwai shafin ma'aikatar lafiya, da layin hukumar kula da lafiya matakin farko, da na KADCHMA, da na hukumar samar da magunguna. Kowane layi na da gurbi biyu da suka fi sauran muhimmanci: abin da Majalisar Dokoki ta amince da shi a zauren Lugard Hall, da abin da aka saki a zahiri. Kashi 15 da ake shela a ranar gabatar da kasafi yana gurbi na farko. Ko akwai maganin hawan jini a cibiyar lafiya ta Badarawa ranar Talata, wannan a gurbi na biyu ake ganinsa.